Ziyarar Da Muka Kai Gidan Kifaye A Jidda

Kowane ɗalibi a makarantar nan ya taɓa cin kifin teku, ko ya sani ko bai sani ba. Kifin ƙanƙara da akan sa mana a miya, da kifin gwangwani da iyayenmu kan haɗo mana da gari da ƙuli-ƙuli ran komawa makaranta, duk daga teku suka fito. Amma da za a ce wanda ya taɓa ganin tekun da idonsa ya ɗaga hannu, ba na tsammanin za a cika benci ɗaya. Ba kuwa laifinmu ba ne. Daga garinmu Dingaya, a ƙasar Gwaram, in mutum zai je bakin teku a Legas sai ya yi tafiyar da ta fi kilomita 1,000. Kai, ko ruwan koginmu ma ba ya zuwa teku. Kogin Bunga ya taso daga duwatsun wajen Jos, ya ratso ƙasarmu, ya wuce Jama'are, can gaba ya gamu da Kogin Haɗeja suka zama Kogin Yobe, shi kuma ya ƙare a Tafkin Chadi. Daga tafkin nan kuwa babu wata hanya da ta fita zuwa teku.

A watan Disamba na 2024 Allah ya nufe ni da zuwa Umra tare da Baba da Inna da kakata da ƙanwata. Bayan mun gama ibada sai muka sauka a Jidda, gidan wani kawuna wanda ya daɗe yana ɗinki a can, kamar Hausawa da yawa. Shi ne ya ce ba za mu tafi ba sai ya kai mu gidan kifaye. Baba ya ce shi dai tun da yake bai taɓa jin inda aka biya kuɗi don a kalli kifi a tafi a bar shi ba. Kawu ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, gani ya kori ji. Ku dai tashi mu je."

Sunan wurin Fakieh Aquarium. An buɗe shi a 2013, a daidai gaɓar Bahar Maliya. Akwai halittun ruwa iri fiye da 200 a ciki, kuma mafi yawansu daga Bahar Maliyar aka samo su. In ka shiga za ka tarar da ɗan duhu da sanyi, hasken duk yana cikin ruwa ne. Tankuna ne a jere a jikin bango, wasu ba su fi akwati ba, wasu sun fi ɗakin kwananmu girma, gabansu duk gilashi, kifaye na ta kai da kawo ba ruwansu da kai. Ƙanwata ta ɓuya a bayan Inna sa'ad da wani kifin shak ya nufo mu, sai da ta ga ya juya ya bi bango sa'an nan ta leƙo.

Ba niyyata ba ce in lissafa muku kifayen da na gani ɗaya bayan ɗaya, don launinsu ba ya faɗuwa da baki. Abin da nake so in bayyana shi ne yadda aka yi kifin da Allah ya halitta a cikin teku ya rayu a cikin ɗaki. A nawa ganin, babban aikin da ake yi a irin wannan gida ba kiwon kifi ba ne, kiwon ruwa ne. In ruwan ya gyaru kifi zai kula da kansa.

Mu fara da gishiri. A kowace lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35. Na Bahar Maliya ya fi haka, yana kai giram 40, watau kamar babban cokali biyu cike a cikin kofin shan ruwa babba. Dalilin kuwa shi ne, babu wani kogi mai gudu shekara da shekara da yake zuba a cikinta. Hamada ce ta kewaye ta gabas da yamma, ga ruwan sama kaɗan, ga rana tana shanye abin da ya kai zurfin mita 2 daga samanta kowace shekara. Rana kuwa ruwa kaɗai take ɗauka, gishirin sai ta bar shi. Ba don ruwan da ke shigowa daga Tekun Indiya ta mashigin Babul Mandab ba, da ta daɗe da ƙafewa. Kun ga ke nan, mu muna da kogin da bai san teku ba, su kuma suna da tekun da bai san kogi ba.

To, me zai faru in aka ɗauki tarwaɗar koginmu aka jefa ta cikin wannan ruwa? Duk wanda ya taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ko ɗanyen nama ya ga amsar. Bayan ɗan lokaci sai ka ga ruwa yana tsattsafowa. Ka'idar ita ce, kullum ruwa yakan bar inda gishiri ya yi kaɗan ya nufi inda ya yi yawa. Wannan shi ne osmosis ɗin da muke ta haddacewa a darasin Bayoloji. Jinin kifi yana da gishiri, amma bai fi kashi ɗaya cikin uku na gishirin teku ba. Saboda haka kifin teku kullum ruwan jikinsa tsiyayewa yake yi waje, yana cikin ruwa amma ƙishirwa na neman kashe shi. Dabararsa ita ce ya yi ta shan ruwan, ya fitar da gishirin ta jan naman nan mai kama da haƙoran mataji da ke bayan kansa, wanda mata kan ƙwaƙule in suna gyaran kifi, fitsarinsa kuma ɗan kaɗan. Kifin kogi kuwa akasin haka ne. Jininsa ya fi ruwan da yake ciki gishiri, don haka ruwa ke ta kutsawa jikinsa, kamar wake in an jiƙa shi. Shi ba ya bukatar sha, sai dai ya yi ta fitsari, yana kuma tsintar ɗan gishirin da ke cikin ruwa ta wannan matajin. In ka musanya musu wuri, ɗaya zai bushe, ɗaya zai kumbura, duka biyun su mutu. Akwai 'yan kaɗan masu iya jure duka biyu, kamar wasu irin karfasa da ke zaune a ruwan Legas inda kogi ya gamu da teku, amma yawanci kowa da ruwansa.

Shi ya sa a gidan kifaye ake auna gishirin ruwa a kai a kai. Wanda ke bakin teku, kamar na Jidda, ya huta, ruwan na ƙofarsa. Wanda ke nesa da teku dole ya sayi gishiri na musamman ya dama da kansa, don gishirin miya bai isa ba, ruwan teku yana da wasu ma'adinai ban da shi.

Abu na biyu iska. Kifi ma numfashi yake yi, iskar oksijin ɗin da muke shaƙa ita yake bukata, sai dai shi a narke cikin ruwa yake samunta, ta wannan matajin dai. Ga ta kuwa kaɗan. Oksijin ɗin da ke cikin lita ɗaya ta iska ya ninka wanda ke cikin lita ɗaya ta ruwa wajen sau 30, kuma in ruwa ya yi ɗumi ko gishirinsa ya yi yawa sai ya ƙara raguwa. A teku igiyar ruwa ce ke cuɗa iska da ruwa dare da rana. A cikin tanki babu igiyar ruwa, sai inji. Kumfar nan da muka ga tana tasowa daga ƙasan tankuna, wadda ƙanwata ta ce ado ce, ita ke motsa ruwan don ya sha iska. In wuta ta ɗauke na tsawon lokaci a irin wannan gida, ba duhu ne abin tsoro ba, shaƙewa ce.

Wannan matsala ce ta daɗe tana hana mutane ajiye kifi a ɗaki. A 1850 wani masanin haɗa magunguna a Ingila, Robert Warington, ya nuna cewa in aka sa tsiro mai rai a cikin tulun gilashi tare da kifi, tsiron zai ba kifin iska, kifin kuma ya ba tsiron taki. Shekara uku bayan haka, a 1853, aka buɗe gidan kifaye na farko don jama'a a gidan dabbobi na Landan. Daga nan abin ya bazu a duniya.

Na uku shi ne ƙazanta, kuma nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Kifi a ruwan da yake numfashi, a nan yake kashi da fitsari. Abin da yake fitarwa akwai amoniya, mai warin nan da ke tashi a bayan ɗakin kwana in ba a wanke ba, ita kuwa guba ce gare shi ko da kaɗan ce. A teku ruwa ya yi yawa, ba ta taruwa. A tanki kwana kaɗan ya isa ta kashe kome. Ba rariya ce ke raba ta da ruwa ba, don a narke take. Wasu ƙwayoyin halitta ne, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suke zama a jikin tsakuwa da yashi. Wani iri ya ci amoniyar ya mai da ita wani abu dabam, wani irin kuma ya karɓa ya mai da shi abin da ba shi da lahani sosai, irin wanda ke cikin takin zamani. Don haka a bayan bangon da masu kallo ba sa gani, akwai famfuna da ke tura ruwa ta cikin matatu inda waɗannan ƙwayoyi suke. Sabon tanki sai ya yi makonni kafin su yaɗu a cikinsa. Mu da aka koya mana cewa ƙwayoyin cuta abokan gaba ne, ga wasu 'yan'uwansu ana lallashinsu su zauna.

Baba ne ya fi kowa gane wannan, don akwai wani abokinsa a Birnin Kudu mai kiwon tarwaɗa a kwamin siminti. Ya ce lalle haka ne, mutumin nan ba ya tsoron ɓarawo kamar yadda yake tsoron ruwa ya yi wari. Daga nan kuwa Baba bai ƙara maganar kuɗin shiga ba.

Sai nauyi. Ruwan da zai cika akwati mai tsawon mita 1, faɗi mita 1, zurfi mita 1, nauyinsa kilo 1,000 ne, daidai da buhun masara goma. Tankin da ya kai girman ajinmu zai ɗauki abin da tirela biyar ba za su iya ja ba, kuma duk wannan yana tura bangon da kake tsaye a gabansa. Saboda haka manyan tankuna ba da gilashin taga ake yinsu ba, da wata irin roba ce garau mai ƙarfi. Na babban kantin Dubai, wanda aka buɗe a 2008, yana cin lita miliyan 10, kaurin gabansa santimita 75. Duk da haka akan yi rashin sa'a. Ran 16 ga Disamba, 2022, wani dogon tanki a birnin Balin na ƙasar Jamus ya fashe da asuba, ruwa lita miliyan ɗaya ya malalo har titi, kifaye wajen 1,500 kusan duk suka mutu. Allah ya sa na karanta wannan labari bayan mun dawo.

Inda kakata ta tsaya ta ƙi gaba shi ne wajen murjani. Kawu ya nuna mata wasu abubuwa a ƙasan ruwa, wasu kamar ƙahon barewa, wasu kamar ƙwaƙwalwar rago, ya ce, "Iya, kin ga murjani tun yana da rai." Ta taɓa na wuyanta, ta dube ni ta ce, "Kai maigida, ka ji kawunka zai mai da ni yarinya. Dutse ne zai yi rai?" Gaskiyar kuwa ita ce murjani ba dutse ba ne, ba kuma tsiro ba. Wasu 'yan mitsi-mitsin dabbobi ne masu taushin jiki, dubbai a wuri ɗaya, kowace ta gina wa kanta ɗan gida mai tauri, in ta mutu wasu su yi gini a kan nata, har a sami tudu a ƙarƙashin teku. Jan nan da kakanninmu ke sawa a wuya, in na ainihi ne, daga Bahar Rum ake ciro shi, fatake suka riƙa ƙetaro hamada da shi zuwa Kano. Na Bahar Maliya ɗan'uwansa ne, amma shi mai gina tudu ne.

Irin waɗannan tuddai ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na irin halittun teku a jikinsu suke samun abinci da mafaka. Bahar Maliya kaɗai tana da kifi iri fiye da 1,000, kuma a cikin kowane goma akwai aƙalla ɗaya da ba a samunsa ko'ina sai can. Sai dai murjani ba ya son wasa da ruwansa. A cikin naman jikinsa akwai wani ɗan gansakuka da ke zaune, shi ke sarrafa masa abinci da hasken rana, shi kuma ke ba shi launi. In zafin ruwa ya ƙaru da ma'auni ɗaya tak a kan wanda ya saba, ya kuma daɗe makonni a haka, sai murjanin ya kori baƙon nasa, ya yi fari fat, in abin ya ci gaba ya mutu da yunwa. Haka ta faru a tekunan duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, ta kuma sake faruwa daga 2023. Ma'auni ɗaya, jama'a, wanda mu ko a jikinmu ba za mu ji ba.

Akwai wasan kifin dolfin a wurin, mun kuwa kalla. Ko da yake ana ce masa kifi, ba kifi ba ne, don da huhu yake numfashi, haihuwa yake yi, yana kuma shayar da ɗansa nono, kamar ayun da ke Kogin Binuwai. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai wasu ƙanana ne guda biyu. Ɗaya wani siririn kifi ne mai baƙin zane, wanda manyan kifaye ke zuwa su buɗe masa baki ya shiga ya cinye ƙwarin da ke damunsu, ba sa kuwa haɗiye shi. Duk wanda ya yi kiwo ya san wannan ciniki, shi ne na carki da saniya. Ɗayan kuwa da Baba ya gan shi sai ya ce, "Af, talibambam! Kai ma Umra ka zo?" Lalle kuwa danginsa ne, mai kumbura ciki in an taɓa shi.

Wannan magana ta Baba ce ta sa na yi ta tunanin namu kifayen. Mun san su a kasko, mun san su a banda, amma wa ya taɓa zama ya kalle su suna harkarsu? Alhali kuwa ba su gaza na Jidda abin mamaki ba, launi kawai aka fi su. Macen karfasa a bakinta take ɗaukar ƙwanta har su ƙyanƙyashe, ba ta cin abinci sai ta sake su. Akwai irin kurungun da ke iyo a rigingine. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa takan wuni da rai a cikin daro a kasuwa bayan sauran sun mutu. Gaiwa kuwa ta fi su duka. Huhu gare ta, in ka hana ta leƙowa sama sai ta nutse ta mutu, tana kifi. In fadama ta ƙafe sai ta shige cikin laka, ta naɗe kanta da majinar jikinta, ta bar 'yar ƙofar iska, ta kwanta watanni har ruwa ya dawo. Da Hausawa suka ce gaiwa jikinta take ci, ba su yi ƙarya ba, don da tsokar jikinta take rayuwa a wannan zama.

Su ma kuwa ruwansu ne ransu, kuma mu ba mu da inji ko ma'aikacin da zai gyara shi in ya ɓaci. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru, inda kifi ke zuwa ya yi ƙwai, ta ragu, kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, kafin tsakiyar shekarun 1980 ya koma wajen kashi ɗaya cikin goma na haka. Waɗannan sun fi ƙarfin ɗalibi. Amma akwai wanda ke faruwa a gabanmu. Akwai masu zuba maganin ƙwari a gurbi da rani don kifi ya taso, su kwashe manya su bar ƙanana suna ruɓewa, ga shanu na sha, ga yara na wanka. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana wannan, amma ba a daina ba. Akwai kuma masu su da gidan sauron da aka raba don maganin zazzaɓi, wanda ko ɗan kifin da bai kai farce ba ba ya tsallake shi. Mutanen da ba haka suke yi ba. Sarkin Ruwa kan rufe gurbi, ba mai jefa koma sai ranar da ya buɗe. Kifin da ake alfahari da girmansa a bikin Argungu, wanda aka soma tun 1934, ya girma ne don an hana taɓa wurin sauran watannin shekara.

Ina roƙon Shugaban Makaranta da Ƙungiyar Iyaye da Malamai su duba ko za a sama mana ɗan tanki ɗaya a ɗakin kimiyya, na kifayen koginmu. Ba ya bukatar gishiri, ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Gilashi mai cin lita 100 ya isa, da tsakuwa da yashi daga kogi, da 'yan tsire-tsiren ruwa, da ƙaramin injin iska wanda farantin hasken rana ɗaya zai iya tayarwa. A ajiye shi inda rana ba ta dukansa kai tsaye, in ba haka ba ruwan zai yi kore. A bar shi ya yi makonni da kifi biyu ko uku kafin a ƙara wasu. Abinci kaɗan, abin da za su cinye nan take, don ragowar ita ke ɓata ruwa. Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo wanda ya kwana a buɗe, kada a juye duka, kada kuma wani mai son tsabta ya wanke tsakuwar da sabulu. Ni da abokaina uku mun yarda mu ɗauki wannan aiki, kuma in an yi hutu akwai masunta a garinmu da za su ba mu 'ya'yan karfasa da kurungu kyauta.

Wani daga cikinmu ya ce a haɗa da minjirya. In za a kawo ta sai dai a yi mata nata wurin dabam, a kuma sa murfi mai kwaɗo, don babbar minjirya tana iya sakin wutar da ta kai bolt 300, ta fi wadda ke cikin soket ɗin ajinmu, ga kuma 'yan aji ɗaya da ba sa ganin abu su ƙyale.